Isnadin Akushin Dutse na Sakkara

A shekarar 1933, sa'ad da ma'aikatan da ke haƙa a ƙarƙashin dalar Sarki Zoser ta Sakkara, kimanin kilomita 30 kudu da birnin Alƙahira, suka kai ga waɗansu lunguna da aka sassaƙa cikin dutse a zurfin da ya haura mita 30, inda numfashi ke yi wa mutum nauyi, fitila kuma ba ta nuna masa sai abin da ke dab da ƙafarsa, sai suka tarar da lungunan cike maƙil da akusa da tuluna da farantai da ƙoƙuna, dukansu na dutse, an jibge wani bisa wani kamar yadda manomi ke jibge dammuna a rumbu. Rufin lungunan ya riga ya rufta a kansu tun da daɗewa, saboda haka mafi yawansu sun farfashe, tsingaron wannan ya cuɗanya da na wancan. Sai da aka shafe 'yan shekaru ana fito da su akwati-akwati kafin a ga bayansu, masu aikin kuma suka ƙiyasta cewa abin da aka binne a wurin ya kai mazubi 40,000.

Sarkin da ke da wannan dala, wanda gine-ginensa ke kira Netjerikhet, na baya kuwa suka san shi da Zoser, ya yi mulki a farkon gidan sarauta na uku, wajen shekara 2,650 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Dalarsa mai hawa shida, wadda tsayinta ya kai mita 60, ita ce babban gini na farko da aka yi da sassaƙaƙƙen dutse a ƙasar Masar, ana kuma jingina tsara ta ga babban hadiminsa Imhotep. A gefenta na gabas an haƙa rijiyoyi 11, kowace ta gangara ta buɗe lungu guda da ya miƙe yamma ƙarƙashin ginin; a na farko-farkon aka binne iyalin gidan sarki, na shida da na bakwai kuwa su ne rumbun akusan. Baturen Ingila Cecil Firth ne ya soma aikin a 1924, da ya mutu a 1931 sai nauyin ya koma kan James Quibell, dattijon da ya riga ya ajiye aiki aka sake kiransa, da kuma Jean-Philippe Lauer, wani saurayi Bafaranshe masanin gini da ya zo Sakkara a 1926, bai kuwa rabu da ita ba har tsufansa.

Galibin mutane, idan aka ambaci tonon kayan mutanen da, hankalinsu yakan tafi ga ranar da aka buɗe kabari ido ya faɗa kan dukiya. Alhali kuwa ranar buɗewa rana ɗaya ce tak, abin da ke biye da ita shekaru ne na zama a ɗaki mai ƙura, mutum yana ɗaukar akushi guda, ya ba shi lamba, ya auna shi, ya zana shi, ya rubuta sifarsa a kati, ya ajiye ya ɗauki na gaba. Wannan shi ne aikin fihirisa, shi ne kuma aikin da ban ga an ba shi haƙƙinsa na girmamawa ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san cewa ruwaya tana tafe da abu biyu, matani da isnadi, watau ita maganar da kuma silsilar mutanen da suka karɓo ta wani daga wani, ya kuma san cewa komai daɗin matani, in isnadinsa ya yanke, malamai ba su kafa hukunci da shi. To, haka al'amarin akushin dutse yake. Shi akushin matani ne. Isnadinsa kuwa shi ne bayanin ramin da aka same shi, da abin da ke kusa da shi, da hannun da ya ɗauke shi, da littafin da aka fara shigar da shi. Wanda ya rasa wannan, komai kyansa, ya zama abin ado kurum, ba ya iya tsayawa shaida a kan komai.

Masar ta daɗe tana fama da masu yanke isnadi. Tun a zamanin daulolin Musulunci akwai jama'ar da suka riƙi tonon dafina sana'a, har Abdullaɗif al-Bagdadi, likita kuma malami wanda ya ga kufan birnin Manf wajen shekara ta 1200, birnin da Sakkara ita ce maƙabartarsa, ya auna gumakan da ya gani da idon mai tahakiki, ya kuma koka da jahilan da ke farfasa su don zaton akwai zinariya a ciki. Ibn Khaldun ma, wanda ya ƙare rayuwarsa a Alƙahira, ya keɓe fasali a Muƙaddimarsa yana bayyana cewa neman dafina ba hanyar abinci ba ce ta ɗabi'a. Da Turawa suka zo da sunan ilmi, ba dukansu ne suka tsira daga wannan cuta ba. Émile Amélineau ya yi haƙa daga 1895 a Abidos, a wurin da Larabawa ke kira Ummul Ƙa'ab, watau uwar tukwane, inda kaburburan sarakunan farko suke; ya kwashi abin da ya ba shi sha'awa, ya watsar da tsingaro mai yawa cikin juji, a 1904 kuma aka yi gwanjon kayansa a Paris suka watsu cikin gidajen tarihin Turai. Flinders Petrie ya bi bayansa daga 1899 yana tankaɗe jujin, Jamusawa suka sake tankaɗe shi daga 1977, har ta kai ana samun rabin akushi a yashin Abidos alhali ɗaya rabin yana wata ƙasa a bayan gilashi. Ana iya haɗa rabi da rabi, amma sanin ɗakin da akushin ya kwana a cikinsa ya riga ya tafi.

Saboda haka abin da mai fihirisa yake fara rubutawa, tun kafin ya ce akushi fari ne ko baƙi, shi ne lamba da wuri. Lambar farko a bakin rami ake ba da ita, a rubuta ta da tawada a gindin mazubin inda ido ba ya saurin kaiwa, a kuma rubuta irinta a littafin haƙa tare da sunan lungun da gefen da aka same shi. In ya isa gidan tarihi na Alƙahira sai ya sami lamba ta biyu a babban littafin shiga, wanda aka buɗe tun zamanin Auguste Mariette, wanda ya kafa hukumar kula da kayan tarihin Masar a 1858. Akwai ma wani littafin na wucin gadi, domin kayan da aka tarar cikin gidan ba su da lamba, shi kuwa lambarsa akan zana ta ne kamar gicciye, a sa rana da wata da shekara da lambar abin a kusurwoyi huɗu. Duk akushin da ka ga yana ɗauke da irin wannan alama, ka san akwai wata gaɓa a tarihinsa da ta taɓa kwancewa.

Sa'an nan sai a leƙa cikinsa kafin ruwa ya taɓa shi, gama sau da yawa abin da gaggawa ke kira dauɗa shi ne saƙon. A kabarin Tutankhamun, wanda Howard Carter ya buɗe a 1922, an sami tulunan farin dutse waɗanda ɓarayin da suka shiga tun a wancan zamani suka kwashe man ƙamshin da ke ciki, suka bar tulunan saboda nauyi, Carter kuwa ya ga sawun yatsunsu a jikin busasshen man da ya rage a bango. Da wani mai son tsabta ya riga shi da soso, da shaidar nan ta tafi cikin kwata.

Akusan Zoser dai, tun da a farfashe suka fito, sai da aka fara da abin da ya fi kowane cin rai, watau haɗa tsingaro. Akan baza su bisa dogayen tebura, a ware su bisa irin dutsensu, sa'an nan bisa kauri, sa'an nan a nemi baki da baki, gindi da gindi. Mai aikin yana riƙe da guntu a hannun hagu yana zagaya tebur, yana bin wata jijiya ja ko ruwan zuma da ta ratsa dutsen, har ya ga inda ta ci gaba a jikin wani guntun, ya kara su, in sun zauna ba tare da motsi ba ya san 'yan uwan juna ne. Da irin wannan haƙuri aka tayar da dubbai daga cikinsu.

Ambaton irin dutsen, wanda mutum zai zaci kalma ɗaya ce a kati, a nan ne magabatan wannan fanni suka fi yin tuntuɓe. Mafi yawan mazuban an yi su ne da wani farin dutse mai ratsi-ratsi, wanda in ka sa fitila a cikinsa sai haske ya ratso shi kamar zuma a kwalba. Misirawan da suna kiransa shes, Turawa kuma suka saba ce masa alabasta. Sai dai a wurin masana duwatsu alabasta sunan wani dutse ne dabam, mai taushi, wanda farce ke iya kartarsa, shi kuwa na Masar ɗan uwan farar ƙasa ne, farce ba ya kama shi, in an ɗiga masa ruwan asid sai ya yi kumfa. Haka nan wani dutse mai duhun kore, mai santsi kamar sabulu, tsofaffin fihirisoshi sun ba shi sunaye uku ko huɗu, kowane marubuci da nasa, har wanda ke karantawa ya zaci duwatsu ne mabambanta. Alfred Lucas, masanin kimiyyar haɗa magunguna da ya yi aiki tare da Carter, ya yi ƙoƙarin gyara wannan ruɗani, daga baya kuma Barbara Aston ta bi mazuban ɗaya-ɗaya da madubin ƙara girma ta fitar da littafinta a 1994.

Kada a ɗauka wannan jayayya ce ta lafazi irin wadda ba ta haifar da komai, domin kowane dutse yana da garinsu. Farin nan mai ratsi ana haƙo shi a Hatnub, cikin hamada gabas da Amarna, da kuma wani kwari kusa da Helwan. Mai duhun koren daga Wadi Hammamat yake, a kan hanyar da ta tashi daga Ƙift ta nufi Bahar Maliya. Jan dutse mai ɗigo-ɗigo na Aswan ne. Akwai kuma wani mai fari da baƙi, mai ɗan shuɗi-shuɗi a rana, wanda da shi aka sassaƙa sanannen gunkin Sarki Khafre. Shekaru masana suna neman mahaƙarsa, sai a 1932 aka gano ta a Jabal al-Asr, kimanin kilomita 65 arewa maso yamma da Abu Simbel, a cikin sahara inda babu ruwa babu inuwa. Idan mai fihirisa ya rubuta sunan wannan dutse daidai a katin wani ɗan ƙoƙo da bai fi tafin hannu ba, haƙiƙa ya rubuta cewa shekara dubu biyar da suka wuce akwai sarkin da ke da ikon tara mutane da jakuna da salkunan ruwa da guzuri, ya tura su tafiyar kwanaki cikin hamada, su komo masa da dutse. In kuwa ya kuskure sunan, ya shafe wannan ayari duka da alƙalami ɗaya.

Bayan dutse sai sifa. Akan auna tsayi da faɗin baki da faɗin ciki da na gindi, sa'an nan a zana mazubin bisa wata ƙa'ida da masu fannin suka yi ittifaƙi a kanta: a raba hoton da layi a tsakiya, rabi ya nuna bayansa kamar yadda ido ke gani, rabi ya nuna shi kamar an tsaga shi da wuƙa, domin a ga kaurin bango da zurfin ciki. Amfanin wannan shi ne a jera zane kusa da zane a ga yadda sifa ke sauyawa da zamani. Petrie ne ya fara lura da cewa wasu tukwanen yumɓu masu hannu mai lanƙwasa, waɗanda asalinsu daga ƙasar Falasɗinu suke, hannun nasu ya yi ta ƙanƙancewa tsara bayan tsara, har ya zama ɗan zane kamar igiya a wuyan tulu miƙaƙƙe, daga bisani ya ɓace; tulunan dutse ma sun bi wannan sawu. Von Bissing ya tsara fihirisar mazuban dutse na gidan tarihin Alƙahira a farkon ƙarni na 20, George Reisner ya rarraba su jinsi-jinsi cikin littafinsa na 1931 a kan haikalin Sarki Menkaure, a 1978 kuma Bamisire Ali el-Khouli ya fitar da mujalladi uku da suka tattara dubban zane na mazuban da aka yi tun kafin sarakuna har zuwa gidan sarauta na uku. Littafi ne da ba a karanta shi don nishaɗi, amma duk wanda ya tono akushi a Masar daga wannan shekara, kafin ya buɗe baki sai ya buɗe shi.

Mai fihirisa na ƙwarai ba ya wadatuwa da ido, sai ya zura yatsa cikin tulun ya shafa. A can zai ji wasu zobba-zobba a jere, su ne sawun abin da aka rarake shi da shi. Misirawa sukan fara sassaƙa bayan mazubin, sa'an nan su huda tsakiyarsa da bututun jan ƙarfe suna zuba masa yashi, gama yashin ne ke cin dutsen, ƙarfen turawa kawai yake yi. In sun cire ɓargon da ya rage a tsakiya, sai su faɗaɗa cikin da waɗansu duwatsun niƙa masu tsukakken ƙugu, a maƙala su a bakin sanda mai cokali biyu, a rataya wa sandar duwatsu don nauyi, mai aikin yana murza ta dama da hagu. An zana masu wannan sana'a a bangon kabarin Ti da na Mereruka a nan Sakkara, hoton sandar kuma shi ne harafin da Misirawa ke rubuta kalmar gwanin sana'a da shi, abin da ke nuna matsayin da suka ba mai rarake dutse a kan sauran ma'abota aikin hannu. Wani Bature mai suna Denys Stocks ya ƙera irin waɗannan kayan aiki, ya rarake tulu da su, sawun da ya bari kuwa ya dace da na da. Na ambaci wannan ne domin a zamaninmu an sami masu yaɗa cewa wai hannun mutum ba zai iya wannan aiki ba, sai dai wasu halittu ko wasu injuna da suka ɓata. Ni ina ganin wannan zalunci ne ga bayin Allah da suka ƙarar da ƙarfinsu da ganinsu a kan dutse, suka kuma bar sawun yatsunsu a fili ga mai son dubawa.

Amma inda akusan Zoser suka fi ƙima shi ne rubutun da ke jikin wasunsu, wanda Pierre Lacau, shugaban hukumar kayan tarihi daga 1914 zuwa 1936, ya duƙufa a kansa tare da Lauer. Rubutun iri biyu ne, akwai wanda aka karta cikin dutsen, akwai wanda aka yi da alƙalami da tawada. Da aka karanta na kartawar sai ga sunayen sarakuna suna fitowa ɗaya bayan ɗaya: Narmer, wanda ake dangantawa da haɗe Masar ta kudu da ta arewa, da Djer, da Den, da Anedjib, da Semerkhet, da Qa'a, da Hotepsekhemwy, da Ninetjer, da Khasekhemwy, watau sarakunan gida na ɗaya da na biyu. Sunan mai dalar kansa ba ya jikin akusan. A kan wani hatimin laka aka same shi, wanda ya tabbatar da cewa a zamaninsa aka rufe rumbun. Ashe ke nan ranar da aka saukar da waɗannan kaya cikin rijiya, wasunsu sun riga sun shekara ɗari uku ko fiye a duniya, tsofaffin kayan gado ne ko a idon waɗanda suka binne su.

Daga cikinsu akwai waɗanda ke ɗauke da sunayen sarakuna huɗu a jere, Den da Anedjib da Semerkhet da Qa'a, abin da ake fahimta kuwa shi ne kowane sarki in ya gaji akushin sai a ƙara sunansa kusa da na wanda ya gabace shi. Domin a gane nauyin wannan, sai a tuna cewa jerin sarakunan Masar da aka dogara da shi a da ya zo ne daga Manetho, wani malamin haikali da ya rubuta da Girkanci a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, littafinsa ma bai iso gare mu ba sai ta bakin waɗanda suka ciro daga gare shi, da kuma wata yagaggiyar takarda ta zamanin Ramses na Biyu da ke birnin Turin, wadda tsakaninta da Den akwai fiye da shekara 1,500. Waɗannan masu ruwaya ne da ba su riski abin da suke ba da labarinsa ba. Akushin kuwa ya zauna a fadar su huɗun, shaidarsa ta wanda ya halarta ce. Har ma akwai wasu daga Abidos da aka kankare sunan Anedjib aka sa na Semerkhet a gurbinsa, wanda ya sa wasu masana suka yi zaton akwai gaba a tsakaninsu, wasu kuma suka ce al'adar sake mallaka ce kawai. Abin da ya wajaba a kan mai fihirisa shi ne ya rubuta cewa ga kankara, ga abin da ya rage a ƙarƙashinta, ya bar tawili ga babinsa.

Wannan rarrabewa tsakanin abin da aka gani da abin da aka fahimta, wadda malamanmu ke kira ruwaya da diraya, ba ta taɓa bayyana a fili kamar yadda ta bayyana a ƙissar Karma ba. Reisner ya yi haƙa a wannan wuri na ƙasar Sudan daga 1913 zuwa 1916, ya sami tsingaron mazuban farin dutse masu sunan Pepi, na gidan sarauta na shida, ya kuma sami gunkin wata mata Bamisira mai suna Sennuwy a cikin wani ƙaton kabari. Sai ya yanke hukunci cewa Karma sansanin Misirawa ce, kabarin kuma na mijin matar ne, wai shi ne hakimin da aka turo ya mallaki baƙaƙen fata. Zuciyarsa, irin ta yawancin Turawan zamaninsa, ba ta karɓi cewa mutanen Nuba za su gina birni irin wannan da kansu ba. Binciken da Charles Bonnet ya jagoranta daga 1977 ya tabbatar da cewa Karma hedkwatar daular Kush ce, kayan Masar da ke cikinta kuwa sun zo ne ta hanyar fatauci ko ganima, bayan ɗaruruwan shekaru da yin su. Dirayar Reisner ta faɗi, amma ruwayarsa ta tsaya, domin ya rubuta wurin da ya sami kowane guntu da amana, da littattafansa ne ma aka kafa wani sashe na hujjar da ta rushe ra'ayinsa. Suna a jikin akushi yana faɗa maka lokacin da kabari ba zai riga shi ba, ba ya faɗa maka ranar da aka rufe kabarin. Haka ma aka sami murfi mai sunan Pepi na Ɗaya a Ebla ta ƙasar Sham, aka kuma sami tuluna masu sunan Osorkon na Biyu a kaburburan Finiƙawa a gaɓar Andalus.

Dalilin da ya sa Zoser ya tara kayan magabatansa ya binne ƙarƙashin dalarsa, a nan masana sun yi saɓani. Lauer ya tafi a kan cewa an washe kaburburan sarakunan farko a lokacin wata fitina cikin gida na biyu, Zoser kuma ya sake binne abin da ya saura don girmama su. Wasu suka ce kayan daga taskokin fada da na haikali suka fito, ba su taɓa shiga wani kabari ba kafin wannan. Ni na fi karkata ga magana ta biyu, saboda rubutun tawadar: ɗaruruwan gajerun kalmomi ne da aka yi da hannu mai sauri, suna ambaton sunan wani ma'aikaci, ko wani gidan ajiya, ko bikin sabunta sarauta da ake kira Sed, irin rubutun da ma'aji ke yi wa kayan da ke shiga da fita a hannunsa. Ko ma wanne ne daidai, waɗannan layukan tawada suna nuna cewa mai fihirisa na farko da ya taɓa akusan nan wani magatakarda ne Bamisire, wanda ya juya su a hannunsa, ya duba, ya tsoma alƙalami ya yi musu alama, shekara 4,600 kafin Lacau ya sa tabarau ya karanta hannunsa.

Akwai gaɓa ɗaya a wannan isnadi da take damuna. Katunan suna cewa Quibell ya samu, Lauer ya samu, Petrie ya samu, alhali wanda ya durƙusa cikin lungun, ya share ƙasa da tafinsa, ya ɗago akushin ya miƙa, ɗan ƙasa ne. Tun da Petrie ya yi aiki a Ƙift a 1893 ya horar da mutanen garin, Ƙiftawa suka zama ƙashin bayan kowace haƙa a Masar, uba yana gadar wa ɗansa sana'ar, shugabansu kuma ana ce masa rayis. Mutum irin Ali Suefi, ɗan Fayyum wanda Petrie ya fi amincewa da idonsa, ya shekara da yawa yana gane bakin kabari daga launin ƙasa. A ayarin Reisner ma Ƙiftawa ne suka riƙa rubuta littafin aikin yau da kullum da Larabci, mujalladi bayan mujalladi. A ilmin hadisi, in aka tsallake mutumin da ya ji da kunnensa aka jingina maganar ga na bayansa, malamai suna da sunan da suke kiran wannan illa da shi, ba su kuma yafe ta don mai ruwayar babban mutum ne. Sai a 'yan shekarun nan aka fara bin takardun biyan lada da littattafan haƙa ana fito da sunayen, kamar yadda Stephen Quirke ya yi da takardun Petrie a 2010.

Rubutun akusan Zoser da aka karta ya fito a buge a 1959 da 1961. Na tawadar bai fito ba sai 1965, shekara 32 bayan buɗe lungunan, Lacau kuwa ya mutu a 1963 bai gan shi ba. Lauer ya rayu har 2001, yana da shekara 99. A 2006 aka buɗe gidan tarihi na Imhotep a gindin tudun Sakkara, aka keɓe ɗaki guda ga littattafan Lauer da kayan aikinsa, aka kuma jera zaɓaɓɓu daga akusan a bayan gilashi, inda mai ziyara, in ya matso ya sunkuya, zai iya ganin siririn layin danƙo a inda guntu ya sadu da guntu.